Ina Abuja ta tsaya, ina Nasarawa da Neja suka fara? Ku ba mu abin da kuka gani da idonku

Baƙo daga Gombe:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Gombe zuwa Abuja, kuma har yanzu ina zaune wajen wani ɗan'uwana a Nyanya kafin in sami gidan da zan kawo iyali. Dillalai sun nuna mini gidaje a Mararaba da Kubwa da Madalla, kowannensu yana ce mini nan ma Abuja ce, kuɗin haya ne kawai ya bambanta. Da na karanta takardar yarjejeniyar gidan Mararaba sai na ga an rubuta Jihar Nasarawa, alhali daga ƙofar ɗan'uwana zuwa can tafiyar 'yan mintoci ce idan babu cunkoso, kuma gine-gine ba su yanke ba ko kaɗan a tsakani. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a nan su gaya mini inda iyakar take, da kuma abin da take canzawa a rayuwar mai iyali.

Maman Hanifa, Masaka:
Wa alaikumus salam, Malam, barka da zuwa. Shekarata 11 a kan wannan hanya ta Keffi, kuma na daɗe ina faɗa wa 'yan'uwana na gida cewa a Abuja nake kafin in fahimci cewa a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa nake zaune. Idan ka taso daga mahaɗar AYA da ke Asokoro a cikin birnin Abuja, to Kugbo da Karu da Nyanya duk suna cikin Babban Birnin Tarayya, amma da zarar ka wuce Nyanya ka shiga Mararaba, daga nan har One Man Village da Ado da New Nyanya da Masaka, duk ƙasar Nasarawa ce. Abin da ya fi rikita baƙo shi ne sunayen da suke maimaita kansu a ɓangarorin biyu, domin akwai Karu ta Abuja akwai New Karu ta Nasarawa, haka ma Nyanya.

Ni a ranar zaɓe na gane bambancin sosai. A 2019 na je rumfarmu na zaɓi gwamna da ɗan majalisar jiha, ƙawata da ke Jikwoyi kuwa ba ta da wannan ƙuri'a, saboda Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamna ko majalisar jiha. Minista ne da Shugaban Ƙasa ke naɗawa yake tafiyar da shi, sanatansu ɗaya ne, 'yan Majalisar Wakilai biyu. Tun daga lokacin na daina ɗora wa Abuja laifin lalacewar titin unguwarmu, na gane cewa kukanmu Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya kamata mu kai shi.

Alhaji Mai Bulo:
Malam, idan haya kawai za ka kama, lamarin da sauƙi. Amma tunda mai iyali ne kai, wata rana za ka yi sha'awar fili, shi ya sa zan ba ka labarina dalla-dalla. A 2014 wani dillali ya kai ni wajen Karshi ya nuna mini fuloti, ya rantse cewa cikin Abuja yake, na kuwa biya shi farashin Abuja. Takardar da aka ba ni ta cinikayya ce mai sa hannun masu gona da mai unguwa da shaidu. Da na tashi yin gini sai wani abokina ya matsa mini in ɗauki safiyo ya auna wurin da na'ura ya fitar da lambobinsa a taswira. Awon ya nuna cewa filin yana ɓangaren Nasarawa, domin ita Karshi kanta iyaka ta raba ta biyu.

Da farko raina ya ɓaci ƙwarai, don na san an ci kuɗina. Daga baya lauya ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa faɗawar filin a Nasarawa ita ce ta cece ni. A jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma wanda ya saya daga masu gado yana iya bin matakai har ya sami takardar shaidar mallaka ta jiha, ta hanyar hukumar bayanan filaye ta jihar, wato NAGIS, idan a Nasarawa ne. A Babban Birnin Tarayya kuwa sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ƙasar gaba ɗaya mallakar Gwamnatin Tarayya ce, minista ne ke ba da fili, kuma bayanan filaye suna ajiye a AGIS, hukumar bayanan filaye ta Abuja. Takardar mai unguwa ko ta masu gona ba ta mayar da kai mai fili a can, komai yawan shaidun da suka sa hannu. Na san wani bawan Allah da ya sayi irin wannan awon igiyar a ɓangaren Abuja, ya gina ɗakuna huɗu, bayan 'yan shekaru aka zo da takardar da ke nuna an riga an ba wani wurin, kuma ba shi da abin da zai nuna a kotu. Har yau idan na tuna halin da iyalinsa suka shiga sai zuciyata ta yi nauyi. Saboda haka kada ka ba kowa ko sisi sai safiyonka, ba na dillali ba, ya fitar da lambobin wurin, kai kuma ka kai su ofishin filaye na ɓangaren da abin ya shafa an bincika maka.

Malama mai aikin lissafi:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara da batun haraji, tunda shi ne aikina. Harajin da ake yanka a albashi na jihar da ma'aikaci yake kwana ne, ba ta inda ofishinsa yake ba. A wajen aikinmu da ke Wuse, kowane wata nakan raba kuɗin gida uku: na mazauna Kubwa da Lugbe ya tafi hukumar haraji ta Babban Birnin Tarayya, na mazauna Mararaba da Masaka ya tafi ta Nasarawa, na mazauna Madalla da Suleja ya tafi ta Neja. Idan ka kama gida, ka sanar da sashen albashinku adireshinka na gaskiya, domin ranar da za ka nemi takardar shaidar biyan haraji, jihar da kake zaune za ta duba ko kuɗinka ya shigo mata. Kada kuma takardar kuɗin wuta ta ruɗe ka don ka ga sunan Abuja a kanta, domin kamfanin wutar lantarki na Abuja, wato AEDC, yana raba wuta har a Nasarawa da Neja da Kogi.

Baba Na Suleja:
'Ya'yana, ni an haife ni a garin da ake kira Abuja tun kafin a san za a yi wannan birni, kuma ban taɓa ƙaura ba, amma yau a Suleja nake, a Jihar Neja. Garinmu Abu Ja ne ya kafa shi a 1828, bayan sarautar Haɓe ta baro Zariya, shi ya sa har gobe ake kiran sarkinmu Sarkin Zazzau Suleja. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, kuma an bar shi a wajen iyaka. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba, 1991. Ita Nasarawa da kuke magana a kanta sai a 1996 aka cire ta daga Filato.

Lokacin da aka ja wannan layi, daji ne da gonaki da ƙauyukan Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da sauransu a tsakani, babu wanda ya zaci gidaje za su haɗe. Wasu mutanen an tashe su an kai su wajen iyaka, kamar Sabon Wuse da ke kan hanyar Kaduna, wadda yanzu ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa a Neja. Shi kansa Dutsen Zuma da kuke gani a takardar Naira 100, wanda ake kira ƙofar Abuja, a ƙasar Neja yake. Malam baƙo, Madallar da aka nuna maka tamu ce, tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Suleja, Zuba da ke manne da ita kuma ta Gwagwalada ce.

Direban Zuba:
Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka faɗa shi muke gani kullum a hanya. Mu direbobi da lambar mota muke gane inda aka yi wa mota rajista: BWR Bwari ce, GWA Gwagwalada, KUJ Kuje, SUL kuwa Suleja. Bara an fasa gilashin motata da dare a Madalla aka kwashe kayan fasinja, ni kuma da gari ya waye na nufi caji ofis ɗin da na saba da shi a ɓangaren Zuba. Sun saurare ni, suka bayyana mini cewa wurin da abin ya faru yana ƙarƙashin rundunar Jihar Neja, can zan kai rahoto, kuma idan magana ta kai kotu, kotun Neja ce za ta saurara. Ka riƙe wannan a batun haya ma, domin idan saɓani ya shiga tsakaninka da mai gida, kotun ɓangaren da gidan yake ita ke da hurumi.

Ɗan Dutsen Alhaji:
Akwai wata iyaka ta cikin gida da ba a taɓo ba. Shi Babban Birnin Tarayya ƙananan hukumomi shida ne: AMAC (wato ta birnin Abuja da kewayensa), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Kubwa da Dutsen Alhaji na Bwari ne, ba na AMAC ba, duk da cewa sun fi kusa da Gwarinpa ta AMAC a idon mai tafiya. Na buɗe shagon ɗinki a Kubwa na tafi sakatariyar AMAC neman takardar wurin sana'a, aka ce mini Bwari zan je. Zaɓen shugabannin waɗannan hukumomi shida INEC ce ke gudanar da shi, saɓanin jihohi inda hukumar zaɓe ta jiha ke yi. Sannan tsakiyar birni, irin su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, yana da nasa ƙa'idojin. Tun 2006 aka hana acaba a can, amma a unguwannin gefe da shi muke zirga-zirga.

Baƙo daga Gombe:
Na gode ƙwarai, Baba da Alhaji da sauran 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar kama gidan Mararaba saboda shi ne daidai da ƙarfina, kuma yanzu na san a Nasarawa zan zauna. Gobe zan kai wa sashen albashi sabon adireshi, idan INEC ta buɗe rajista kuma zan nemi a mayar da katin zaɓena Ƙaramar Hukumar Karu. Maman Hanifa, saura batun makarantar yara: naki a ɓangaren Nasarawa kika sa su, ko kullum suna tsallakawa Nyanya, kuma da ƙarfe nawa kuke fita don ku riga cunkoson safe?