Libarbar da ake ɗura wa albarushi da hannu: ta ina ɗan koyo zai fara?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka san harkar bindigar toka ce. Ina sha'awar libarbar nan ta zamanin da, wadda ba ta cin harsashin zamani, sai dai a zuba albarushi a kowane rami na gangarta mai juyawa, a danna ƙwallon dalma, a sa hula, wato ɗan murfin ƙarfen nan da ke fashewa ya kunna albarushin. Don harbin allo nake so, ba farauta ba. Wacce ta fi dacewa da ɗan koyo, mai lamba 36 ko 44, wato gwargwadon faɗin ramin bututunta? Albarushi nawa ake zubawa, kuma irin na masu buga bindiga a wajen biki zai yi? Sannan na ga ana cewa a intanet irin wannan ba ta buƙatar lasisi. Haka abin yake a nan Kumasi?

Alhaji na Asawase:

Wa alaikumus salam. Ɗana, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai kai mutum kurkuku. Zancen rashin lasisi na Amurka ne. A can dokar tarayya tana sa bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwafinta da ba ya cin harsashin zamani, a sahun kayan tarihi. Mu a Gana ba mu da wannan sassauci. Dokar makamai da harsasai ta 1972, wadda ake kira NRCD 9, ita ke aiki: bindiga sai da rajista da lasisi daga 'yan sanda, kuma lasisin yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba ta kowace shekara, ko da a watan Oktoba ka karɓa. Shigo da ita daga waje kuwa sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma izinin ake fara samu kafin a biya kuɗin kaya. Albarushi da hula su ma a hannun dillali mai lasisi ake saye.

Ka kuma tanadi wurin harbi tun kafin bindiga ta zo. Dokar nan ta hana harbi a bainar jama'a ba da izini ba, kuma bayan gida a Aboabo ba filin harbi ba ne. Sai fili da aka amince da shi, mai tudun ƙasa a bayan allo, don ƙwallon dalma idan ya bugi dutse ko ƙarfe yakan yi tsalle ya nufi inda ba a aike shi ba.

Baba Mai Toka:

Alhaji ya gama da takarda, ni zan taɓa ƙarfe.

Iri biyu za ka fi cin karo da su: ƙirar Colt, wato Navy ta 1851 mai lamba 36 da Army ta 1860 mai lamba 44, sai ƙirar Remington da ake kira ta 1858. Na asali sun zama kayan ajiya. Waɗanda ake harbawa yau kwafi ne, galibi na kamfanonin Uberti da Pietta a Italiya. Ga ɗan koyo Remington 44 mai jikin ƙarfe na zaɓa. Tana da gada a saman ganga wadda ta haɗe jikinta wuri ɗaya, gangar tana fita cikin sauƙi, kuma ɓaraguzan hula ba sa yawan faɗa mata ciki. Colt ta fi daɗin riƙo, wannan ba gardama, amma samanta a buɗe yake, weji ne ke riƙe bututunta. Ka guji mai jikin tagulla duk da kyallinta da arharta. Tagulla tana da laushi, idan ana cika mata albarushi jikin yakan saki har ganga ta riƙa wasa.

Kafin komai ka riƙe wannan: baƙin albarushi kawai, ko madadinsa da aka yi musamman don wannan aiki, irin Pyrodex P. Garin da ke cikin harsashin bindigar farauta ta zamani, ko da launinsa baƙi ne, wani abu ne daban. Ƙarfin matsinsa ya ninka abin da wannan ganga za ta ɗauka, tarwatsewa za ta yi a hannunka. Shi baƙin albarushi daraja-daraja ne gwargwadon girman ƙwayarsa, daga Fg mai tsaki-tsaki zuwa FFFFg mai laushi, kuma na libarba FFFg ne. Na masu bindigar biki da ake ƙullawa a leda ba rubutu, ba ka san darajarsa ba, ba ka san abin da aka gauraya ba. Su ƙara da hayaƙi suke nema. Kai kuwa dalma za ka tura, don haka gwangwani mai suna da lamba za ka saya.

Awo da giren ake yi, giren ɗaya kusan giram 0.065 ne, kuma da ɗan mudun awo na tagulla mai sikeli ake aunawa, ba da tafin hannu ba. Ga 44 mai jikin ƙarfe ka fara da giren 20 zuwa 25. 30 ya isa iyakar ɗan koyo. Ga 36, giren 15 zuwa 20. Idan takardar da ta zo da bindigar ta faɗi ƙasa da haka, ita za ka bi. Ƙwallon kuma na zallar dalma mai laushi, wadda farce ke iya kartawa: inci 0.454 ga yawancin masu lamba 44, inci 0.375 ko 0.380 ga 36. Da gangan ya ɗara ramin faɗi.

Ga yadda ɗurin yake. Ka tabbata ramukan babu komai, ka goge mai, ka sa hula zalla a kowane hanci, wato ɗan tsinin da ke bayan kowane rami inda hula ke zama, ka fasa su baki na kallon allo, don wutar ta ƙone ragowar man da ya toshe ƙofa. Sai ka ja guduma, wato ƙarfen da ke bugun hula, zuwa tsaiko na farko, nan ganga ke juyawa da hannu. Ka ɗaga baki sama, nesa da fuskarka. Daga gorar albarushi ka zuba a mudu, ka rufe gorar, daga mudu zuwa rami. Kada ka taɓa kafa gora a bakin rami kai tsaye: in akwai ragowar garwashi a ciki, gorar gaba ɗaya ce za ta tashi. Ka ɗora ɗan faifan ulu mai maiƙo, ka ɗora ƙwallo, ka juya shi ƙarƙashin madanni, wato sandar ɗuri da ke ƙasan bututu, ka danna a hankali da ƙarfi ɗaya har ka ji ya zauna a kan albarushi. Bakin ramin zai aske wani siririn zobe na dalma ya faɗo. Zoben nan shi ne shaidar cewa ramin ya toshe. In bai fito cikakke ba, ƙwallonka ya yi ƙanƙanta. Kada a bar iska tsakanin albarushi da dalma. In awon ya yi kaɗan har madanni ba ya kaiwa, a cike gurbin da garin masara a saman albarushin.

Hula ita ce ta ƙarshe, kuma sai kana tsaye a layin harbi, baki na kallon allo. Ramuka shida ne, ka ɗura biyar, ka kwantar da guduma a kan wanda babu komai.

Malam na Tafo:

Baba, Allah ya ƙara girma, ba ni da abin gyara a ɗurin, sai ƙari a kan abin da ke lalacewa.

Babban abin tsoro shi ne ramuka biyu ko uku su tashi lokaci ɗaya. Mutane da yawa suna ɗora laifin a gaba kawai, su yi ta cusa maiƙo a bakin rami. Gaba tana da nata laifin idan ƙwallo ya yi ƙanƙanta ko ya lotsa, amma a ganina baya ta fi yawan jawo shi. Hular da ta yi wa hanci yawa takan faɗi da girgizar harbin farko, wuta ta samu ƙofa a buɗe. Hula lamba 10 da lamba 11 ake samu, kuma lamba 10 ta wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba, sai an gwada. Wadda ta dace ita ce mai zama daram ba tare da an matse bakinta da yatsa ba. Saboda wannan haɗari ne ba a sa hannun hagu a gaban ganga ko gefenta, kuma ba a barin kowa ya tsaya daura da kai. Tabarau na kariya dole ne, don hula tana fashewa ta watsa ɓaraguzai. A toshe kunne kuma.

Idan ka ja kunama hula ta fashe amma bindiga ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita ka leƙa. Albarushi mai danshi yakan yi jinkiri sannan ya kama. Ka ci gaba da nuna allo har minti ɗaya, sannan ka zura siririyar waya a hancin, ka sa sabuwar hula. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, ba ta yi maka turi ba, tsaya nan. Mai yiwuwa dalma ta maƙale a bututu, kuma harbi na biyu a kanta kumbura bututun zai yi, in bai fasa shi ba. Cire huluna, ka gwada da sanda.

Wani abin da ke ruɗa sabon hannu: ƙirar Colt tana harbi sama da inda aka saita a ɗan gajeren zango. Haka aka yi ta, ba lalacewa ba ce. Ka fara daga mita 10 zuwa 15, ka ga inda take zuba dalma kafin ka taɓa saiti.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maiƙon da ka ambata, girisin mota zai yi? Kuma wankin fa, kowane harbi ne ko sai ta yi datti?

Baba Mai Toka:

A'a ɗana, girisin mota da baƙin mai ka bar wa makanikan Suame. Duk man da aka samo daga fetur, in ya haɗu da tokar albarushi da zafi, kwalta yake zama, ganga ta cije. Na dabba ko na tsiro ake so, kuma a nan mun fi Turawa sa'a. Kakin zuma da kitsen rago marar gishiri, rabi da rabi, a narka a tsoma faifan ulu a ciki. Man kaɗe ma yana maye gurbin kitsen. Da zafin rana ka ƙara kaki don kada ya narke ya jiƙa albarushi.

Wanki kuwa ranar da ka harba, kafin ka kwanta. Tokar tana ɗauke da gishiri mai jan danshi, kuma ka san iskar Kumasi da damina: kwana ɗaya ya isa ka ga tsatsa ja a bututu. Cire ganga, ka kwance hancinan shida da makullinsu, ka wanke su da bututu da ruwan zafi da sabulu, ka bi da burushi da tsumma har tsumman ya fito fari. Ka ɗauraye da ruwa mai zafi sosai don ƙarfen ya bushe da kansa, ka shafa mai sama-sama. Ka ɗan shafa maiƙo a zaren hancinan kafin ka mayar, kuma kada ka ɗaure su da ƙarfin tsiya, in ba haka ba wata rana makulli zai karye su suna nan. Sandar da ganga ke juyawa a kai ita ma a ba ta maiƙo sosai, musamman a Remington, don tata siririya ce, toka tana saurin kama ta. Bayan kwana biyu ka sake zura tsumma ka duba.

Albarushi ya zauna a gwangwaninsa na asali, a rufe ruf, nesa da kicin da kurfoti, hula a wani wuri daban, bindiga babu ɗuri a akwati mai kwaɗo, makullin kuma a jikinka. Idan ka taɓa dalma ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa a tuwo.