Hilux mai injin 3L tana farin hayaƙi tun da aka canza taimin bel, famfon mai ne ko me?

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin injin gas ku taimaka min. Ina da tsohuwar Hilux mai injin 3L, 2.8 ɗin nan, da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye. Fitilar T-BELT, mai nuna lokacin canza taimin bel yayi, ta kama a dashbod sai na kai wani gareji aka sa sabon bel, to wallahi tun daga ranar motar bata dawo daidai ba, da safe sai na yi ta murza kii kamar batir zai mutu kafin ta tashi, in ta tashi kuma farin hayaƙi mai yaji a ido, ga rashin ƙarfi, gadar da nake hawa da giya uku yanzu sai biyu. Na koma wurin bakaniken yace nozul ne, masu fesa mai a cikin inji, in kawo kuɗi. Ni dai raina bai kwanta ba tunda kafin bel ɗin lafiyarta ƙalau.

Direban Dare:
Wa'alaikumussalam. Taimin ɗinka ne yayi let ɗan'uwa, wato mai baya shiga inji a kan lokaci. Ka sa a kwance notin famfon da ke tura mai zuwa nozul a ɗan tura shi wajen inji tana kunne, in kaji ƙarar ta fara kaifi a ɗaure, mu haka muke yi da kunne.

Tsohon Mai Famfo:
Malam Direba kayi haƙuri, rabin maganarka gaskiya ce amma aikin kunnen nan ya kashe injuna da yawa. In ka wuce da taimin gaba mota zata tashi da wuri kam, kaji daɗi, alhali fistin na can yana shan duka kamar ana buga guduma a ciki.

Mai Akori-kura, kada a taɓa famfo tukuna. Tunda abin ya biyo bayan canjin bel ne, a buɗe murfin taimin a juya inji da hannu har fistin silinda ta ɗaya ya zo sama, a duba maki uku: na kiranshaf, na kamshaf, da na fulin famfo. Sau da yawa fulin famfon ne yake zamewa haƙori ɗaya lokacin sa bel don akwai sifirin a cikin famfon mai ture shi, baya son tsayawa a kan makinsa. In haka ne ko ka juya famfon har ƙarshen raminsa wahalar banza kake, bel za a sake zaunarwa. Sannan a juya injin zagaye biyu da hannu a sake duba makin kafin a kunna, injin nan in bel ya kauce da yawa fistin na haɗuwa da bawul.

In maki ukun sun zauna to sai a zo kan agogon awo, wato na'ura mai allura da ake auna taimin famfo da ita. Bayan famfon, tsakiyar fayif huɗun nan da ke tafiya nozul, akwai wani noti guda, shi ake cirewa a ɗaura agogon. A mayar da inji baya kamar digiri 25 zuwa 30 har allurar ta daina motsi, a sa ta a sifili, a dawo gaba a hankali zuwa makin sama, sai a karanta. Abin da ake nema bai kai milimita 1 ba, kuma na 2L da 3L da 5L kowanne da adadinsa a littafin injin, kaga kenan wane kunne ne zai ji wannan? In awon ya gaza, a sassauta notuna biyu na gaba da na ƙafar famfon ta baya da bakin fayif huɗun, a karkato famfon wajen inji, in yayi yawa a janye shi waje. Kaɗan-kaɗan fa, ba da ƙarfin tuwo ba.

Wani abu da yara ke mantawa, in famfonka mai na'urar tashin sanyi ne, wadda tiyon ruwan lagireto ke shiga, sai an ɗage hannunta an sa ɗan ƙarfe a tsakani kafin awo, in ba haka ba agogon zai maka ƙarya. A sa sabuwar washar jan ƙarfe a notin bayan, a fitar da iska da ɗan famfon hannu na kan filta.

Direban Dare:
Baba ai ba kowane gareji ke da agogon nan ba, mu a daji ya zamu yi?

Tsohon Mai Famfo:
A daji ka haɗa layin da ke jikin famfon da na jikin kes ɗin taimin, zai kai ka gida. In ka shigo gari ka nemi masu gyaran famfo, su suke da shi. Kuma kowa yace zai murza maka sukurun mai don ta ƙara ƙarfi ka riƙe hannunsa.

Mai Akori-kura:
Baba Allah ya saka da alheri. Yau na tsaya a kan bakaniken aka buɗe, fulin famfo haƙori ɗaya baya kamar yadda kace, har yana cewa wai ba shi ya sa ba yaronsa ne. An gyara, hayaƙin ya ɗauke sai ɗan kaɗan da asuba. Shi kuma wannan hita fulogi ne, masu ɗumama inji kafin tashi, ko sai na kai awon agogon?