Shugaban ƙasar da talaka bai kaɗa wa ƙuri'a ba, zaɓe ne ko naɗi?

Maman Ɗalibai:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare ina taya 'yata bitar darasi, muka ci karo da abin da ya tsaya min a rai. Ashe a Jamus talakawa ba sa zaɓen shugaban ƙasa. A Fabrairun 2022 wakilai 1,472 kacal aka ware, Frank-Walter Steinmeier ya zarce da ƙuri'a 1,045, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 80. Yarinyar ta ajiye biro ta ce, "Mama, wannan ai naɗi ne." Wallahi na rasa ta cewa. Masana a taimaka, ba na son in koya mata kuskure.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. 'Yarki na da kaifin basira, sai dai akwai abin da ya kuɓuce mata. Rabin wakilan nan 'yan majalisar tarayya ne da jama'a suka zaɓa, sauran rabin majalisun jihohi ke turo su. Kuma mulki ba a hannun shugaban ƙasa yake ba, yana wurin shugaban gwamnati, wanda majalisa ke iya saukewa. Shugaban ƙasa kuwa uban ƙasa ne, ya sa hannu a doka, ya karɓi jakadu, ya tsawatar in an yi ba daidai ba.

Jamusawa sun taɓa ɗanɗana ɗaya hanyar. Shugaban ƙasa Hindenburg jama'a suka zaɓa kai tsaye, da ƙarfin iko a hannunsa, shi ne kuma ya naɗa Hitler shugaban gwamnati a Janairun 1933. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa tsarin mulkin 1949 ya rage wa kujerar ƙarfi.

Ɗan Jarida:
Malam, na yarda, amma a faɗi har da aibinsa. In jam'iyyu suka ƙi jituwa, sai a yi ta jan ƙafa. A Italiya da Labanan ma wakilai ke zaɓen shugaban ƙasa. Italiya sai da ta yi zagaye 23 a 1971 kafin Giovanni Leone ya samu kujerar. Labanan kuwa ta zauna ba shugaba daga ƙarshen Oktoban 2022 har Janairun 2025, da aka zaɓi Joseph Aoun, alhali tattalin arziki ya durƙushe. Wannan yana ci min rai.

Malamin Tarihi:
Gaskiya ne. Jamus ta toshe wannan ƙofar: in zagaye biyu suka wuce babu mai fiye da rabi, a na uku wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ci.

Maman Ɗalibai:
Allah ya saka da alheri. Yau zan fara mata da labarin Hindenburg, sannan na Labanan, in ji wanne za ta ɗauka.