Jokerit ta Helsinki: yaya ƙungiya mai kofi shida ta koma rukuni na biyu?

Abu Sumayya, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ce, wadda ake kira hokin ƙanƙara. Ana yawan ambaton Jokerit cikin manyan ƙungiyoyin Finlan, amma sai ga sunanta a gasar Mestis, wato rukuni na biyu. Rashin ƙoƙari ne ya jefa ta can, ko kuɗi ne? Kuma mene ne haɗin ƙungiyar Helsinki da gasar Rasha? Wanda ya sani ya warware mana daga tushe.

Malam Habu, Riyad:

Wa alaikumus salam Abu Sumayya. Ba a fili aka kayar da Jokerit ba, a ofis abin ya faru. Sai an koma baya kaɗan kafin a gane.

An kafa ta a 1967. Wata tsohuwar ƙungiyar wasanni ta Helsinki mai suna Töölön Vesa ce bashi ya yi wa katutu, sai wani ɗan kasuwa, Aimo Mäkinen, ya karɓi sashenta na hoki ya sa masa sabon suna. Jokerit jam'in joka ne na karta, shi ya sa tambarinsu kan ɗan wasan barkwanci ne da hula mai ƙaho. Shekara shida da kafuwa, a 1973, suka ci kofin ƙasa. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada: kuɗi suka ja baya, ƙwararru suka watse, har a 1987 suka faɗa rukuni na ƙasa, sai 1989 suka dawo. Duk da haka makarantarsu ta yara ba ta mutu ba. Daga cikinta Jari Kurri ya fito, ya tafi Edmonton Oilers ta Kanada a 1980, ya yi wasa kusa da shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky, ya ci kofin Stanley, wato kofin NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada, sau biyar.

Lokacin tashensu ya fara a 1991, da Harry Harkimo ya karɓi ragamar ƙungiyar. A 1992 suka ɗauki kofi da wani matashi, Teemu Selänne, wanda a kakar da ta biyo baya ya zura ƙwallo 76 a Winnipeg Jets, adadin da har yau babu sabon shiga da ya kai a gasar NHL. Sai kofunan 1994 da 1996 da 1997, dukkansu ukun da TPS ta birnin Turku aka kara a wasan ƙarshe. A 1995 kuwa TPS ce ta yi nasara a kansu. Na shida ya zo a 2002, kan Tappara ta Tampere. Sun kuma ci kofin Turai sau biyu a jere cikin waɗannan shekarun.

A nan ne nake so ka lura sosai. A 1997 Harkimo ya buɗe Hartwall Areena, zauren da ke ɗaukar mutum sama da 13,000. A wannan wasa zaure shi ne gonar ƙungiya: kuɗin tikiti, ɗakunan manyan baƙi da kamfanoni ke haya, abinci da abin sha, hayar wurin ga mawaƙa a ranakun da babu wasa. A 2013 ya sayar da zauren ga attajiran Rasha, Gennady Timchenko da iyalan Rotenberg, aka kuma sanar cewa Jokerit za ta bar gasar Finlan ta shiga KHL, babbar gasar Rasha, daga kakar 2014. Tun kafin su buga wasan farko a can, Amurka ta ƙaƙaba wa Timchenko da 'yan Rotenberg takunkumi a watan Maris na 2014 saboda batun Kirimiya. Ka ga tun ran gini tun ran zane.

Ummu Khalid, Madina:

Malam Habu ya kawo tushen. Ni zan tsaya kan lissafin shekaru takwas ɗin KHL, domin nan ne mutane ke ruɗewa. A fili Jokerit ba ta ji kunya ba, tana kaiwa zagayen fitar da gwani a kai a kai. Aljihu ne ya yoye.

A gasar gida yawancin tafiye-tafiye da bas ake yi, a je Tampere ko Turku ko Lahti a dawo a daren. A KHL kuwa akwai Vladivostok da Khabarovsk a can gabashin Rasha, akwai Astana, daga 2016 har da ƙungiyar Beijin. Jirgin shata ne, da otal na kwanaki, ga bambancin sa'o'i da ke karya barcin 'yan wasa. Albashi ma dole ya yi gogayya da na ƙungiyoyi irin SKA ta Saint Petersburg da CSKA ta Mosko, waɗanda manyan kamfanonin gas da mai ke ɗaukar nauyinsu. Sannan babbar asara: sun rabu da HIFK, abokiyar hamayyarsu ta cikin gari. Wasan Jokerit da HIFK a Helsinki kamar Ittihad da Ahli ne a Jidda, ba a roƙon kowa ya zo. Ba haka mutum zai bar aikinsa ya je kallon wata ƙungiya daga Cherepovets ba. Sakamakon shi ne giɓin miliyoyin yuro duk kaka, kuma kuɗin Rasha ke cike shi. Ko bayan Jari Kurri ya zama mai ƙungiyar a 2019, reshen kamfanin ma'adinai na Rasha, Norilsk Nickel, da ke garin Harjavalta na Finlan ne ya riƙe wani kaso na hannun jari yana tallafawa.

Alamar tsagewa ta fito a Satumban 2020. An tsara su buɗe kaka a Minsk ana tsakiyar zanga-zangar Belarus, magoya bayan Jokerit suka ce ba su yarda ba, ƙungiyar ba ta je ba, aka rubuta mata rashin nasara. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, kamfanonin Finlan masu talla suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Jokerit ta fice daga zagayen fitar da gwani inda za ta kara da Spartak ta Mosko, a watan Afrilu kuma ta bar KHL baki ɗaya.

Sai ta tarar ba ta da gurbi a Liiga, wato babbar gasar Finlan, domin ba a ajiye wa kowa kujera, lasisi ake nema. Zauren ma ya kulle, tunda takunkumi ya hana kowa biyan masu shi ko sisi. Kamfanin Hartwall da zauren ke ɗauke da sunansa ya cire sunan daga ginin, wasannin gasar duniya ta 2022 da aka shirya yi a ciki aka mayar da su tsohon zauren ƙanƙara na Helsinki. Kakar 2022 zuwa 2023 Jokerit ba ta fitar da babbar tawaga ba sam, yara kaɗai suka ci gaba.

Baban Yusra, Makka:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Gyara ɗaya ga mai tambaya: kada a ce Jokerit ta "faɗa" Mestis kamar yadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ke komawa gasar 'yan dagaji. Shiga ta yi daga waje a 2023, ƙarƙashin sababbin masu jari 'yan Finlan da Mikko Saarni ke jagoranta. Ta ci kofin Mestis a 2025, sai dai a lokacin cin kofin bai isa ba, sai da aka yi karawar neman gurbi da ƙungiyar Liiga, kuma Pelicans ta Lahti ta tare mata hanya a wannan shekarar. Shi kuma zauren, a 2025 ya koma hannun masu jari na Finlan.

Wani zai ce to me ya hana su gina nasu ko su yi haya a ko'ina? Ƙanƙarar wasa ba kamar ciyawa ba ce. Filin ya kai mita 60 a tsawo, faɗinsa tsakanin 26 da 30. A ƙasa daɓen kankare ne da aka binne bututai a ciki, ana zagaya ruwan gilaikol ko ruwan gishiri mai tsananin sanyi. Ana fesa ruwa siriri-siriri, shimfiɗa kan shimfiɗa, a shafa farin fenti, a zana layuka, a sake rufewa da ruwa har kaurin ya kai kamar santimita 3 zuwa 4. Saman yana zama wajen digiri 5 ƙasa da sifili. Idan ya yi kauri da yawa injin sanyaya ba ya iya riƙe saman, sai ya yi laushi, faifan robar da ake bugawa ya riƙa tsalle. Idan ya yi siriri, ƙarfen takalmi ya taɓo fenti. Bayan kowane zango na minti 20 mota ke shiga ta kankare saman ta zuba ruwan zafi, domin ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, yana daskarewa sumul. Injinan nan ba a kashe su dare da rana tsawon kaka. Zauren da ya yi shekaru a kulle kuwa, sai an bi injinan da bututan ɗaya bayan ɗaya kafin a sake zuba ruwa.

Masu zuwa ƙananan filayen ƙanƙara na Jidda sun san ɗayar matsalar: laimar iskar teku. Idan na'urar tsotse laima ta gaza, hazo ke tashi a kan ƙanƙarar, ruwa ya riƙa ɗiga daga rufi yana daskarewa ƙulu-ƙulu, wanda ke kayar da mai gudu.

Malam Habu, Riyad:

Haka ne Baban Yusra. Abu Sumayya, in kana son bin wasannin daga nan, ga lissafin lokaci. Kaka tana farawa a Satumba, a kammala wajen Afrilu ko farkon Mayu. Wasannin tsakiyar mako yawanci ƙarfe 6:30 na yamma ne a agogon Finlan, na Asabar ƙarfe 5:00. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Saudiyya yana gaba da nasu da awa ɗaya, don haka 6:30 ɗinsu 7:30 ne a nan. Sauran watannin agogonmu ɗaya. Minti 60 ne a rubuce, amma ana tsayar da agogo duk lokacin da alƙali ya busa, ga hutu biyu a tsakani, sai ka ware awa biyu da rabi. A lokacin sanyi farkon wasan yakan zo daf da sallar Isha'i a Makka da Jidda, mu na Riyad kuwa mun riga mun idar.