Bikin Halowin a makarantar 'yata, kuma malamarsu 'yar Wika ce, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Godiya: Salama 'yan'uwa. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake nema, ba wa'azi ba, wa'azi na sha shi tun ranar Lahadi. Muna Ingila, wajen Manchesta, 'yata shekararta shida. An turo takarda daga makaranta wai Juma'a kafin a tafi hutun tsakiyar zango yara za su zo aji da kayan Halowin, bikin nan na ƙarshen Oktoba da yara ke yin shigar dodanni, da yamma kuma akwai rawa a holin makaranta, tikiti fam 4, a biya kafin Laraba. Abin da ya fi tayar min da hankali malamar ajinsu tana saka sarƙa mai tauraro a cikin da'ira, wata uwa ta ce min matar 'yar Wika ce, wani addinin Turawa da ake dangantawa da maita, ba ta ɓoyewa ma. Gaskiya matar nan ba ta taɓa yi mana komai ba, ita ce ma ta zauna da yarinyar har ta iya karatu lokacin da muka zo ko magana ba ta yi a aji. Amma surukata ta turo min bidiyo a WhatsApp wai a daren nan matsafa ke satar yara suna yanka su, tun daga nan ban yi barcin kirki ba. Tambayata biyu ce: wanda ya taɓa riƙe yaronsa a gida ranar me makaranta ta yi masa, kuma wanda ya taɓa neman a canza wa yaro aji saboda addinin malami yaya aka ƙare?

Dattijo B.: 'Yata, buɗe Maimaitawar Shari'a 18 daga aya 10 zuwa 12, sai ki haɗa da Afisawa 5:11. Babu ruwan haske da duhu. Ba sai kin tambayi kowa ba.

Maman Godiya: Baba na gode, na karanta. Amma abin da makaranta za ta yi nake tambaya.

Ɗan Kurmi: Tara za su ci ki, fam 60. An ci abokin aikina.

Anti Saratu: Fam 60 tsohon zance ne Ɗan Kurmi, tun 2024 ya koma 80, kuma uwa daban uba daban, in ba ku biya cikin kwana 21 ba ya zama 160. Kuma tikitin naku ma da tsada, mu fam 2 muke biya har da lemo da alewa.

Ɗan Kurmi: Anti ke a ƙauye kike ai. Mu nan Landan fam 6 ne, kayan da yaron zai saka ɗin ma sai da na kashe fam 15, rigar ƙwarangwal ɗin banza da ta yage kafin a dawo gida.

Malama Rifkatu: Babu wanda zai ci ta tara saboda kwana ɗaya. Ina aiki a ofishin wata firamare, sai fashin da ba izini ya kai kwana biyar cikin sati goma ake fara maganar tara. Rawar yamma kuwa ba dole ba ce sam, ƙungiyar iyaye ce ke shiryawa don tara kuɗi, in ba ki biya ba ko tambayarki ba za a yi ba. Ki tura ta da yunifom ɗinta ki gaya wa malamar ba kwa yi, akwai yaran Musulmi da na Shaidun Jehobah da ba sa sakawa, an saba.

Alhaji Ƙarami: Ni fa Musulmi ne amma ku bar ni in sa baki. Shekarar farko da na zo aka ƙwanƙwasa ƙofa da daddare, na buɗe na ga wasu ƙananan aljanu uku da bokiti, wallahi sai da na yi a'uziyya. Daga baya na gane tashe ne kawai na Turawa, bambancin su ba sa waƙa kuma ba sa karɓar hatsi. Dabino na ba su, tun daga ranar ba su ƙara zuwa gidana ba.

Dattijo B.: Alhaji ba abin dariya ba ne. Wannan rana ta matsafa ce tun asali.

Ishaku T.: Baba da girmamawa, akwai gaskiya rabi a ciki. Mutanen Ailan da Sukotlan na dā suna da bikin ƙarshen kaka da shigowar sanyi, Samhain, a daidai lokacin, kuma 'yan Wika na yau sun ɗauke shi cikin bukukuwansu takwas na shekara, suna kunna kyandir suna tuna matattunsu. Amma Halowin ɗin kansa jajiberin ranar tsarkaka ne na coci, 1 ga Nuwamba. Ita Wikar ma ba tsohuwa ba ce kamar yadda ake zato, wani tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka Gerald Gardner ne ya fito da ita fili wajen 1954, bayan an soke dokar maita ta Ingila a 1951. Suna bauta wa allahiya mace da wani allah mai ƙaho, to shirka ce a wurinmu ba musu, ni ba zan bar ɗana ya shiga da'irarsu ba, amma su ba su ma yarda akwai Shaiɗan ba balle su yanka masa yaro. A ƙidayar 2021 kusan mutum 13,000 ne suka rubuta Wika a Ingila da Wales gaba ɗaya.

Anti Saratu: Wanda yake bauta wa Shaiɗan ai ba sai ya san sunansa ba Ishaku. Mai ƙaho kuma wane ne in ba shi ba?

Ishaku T.: Anti wannan maganar tauhidi ce, za mu iya yinta. Ni bidiyon surukar nake magana. An yi irin wannan firgicin a ƙasar nan, ba yau aka fara ba. A Orkney can saman Sukotlan, Fabrairun 1991, da asuba 'yan sanda da ma'aikatan soshiyal, wato masu kula da walwalar yara, suka kwashe yara tara daga gidaje huɗu wai ana tsafi da su a wani ramin fasa dutse, har faston cocin garin aka zarga. Bayan kusan sati biyar alƙali ya yi watsi da shari'ar aka mayar da yaran. A Rochdale ma nan kusa da Maman Godiya haka aka yi a 1990, yara wajen ashirin, wasu sun shekara da shekaru ba su koma gida ba. Gwamnati ta sa wata farfesa Jean La Fontaine ta bincika ƙararraki 84, rahotonta na 1994 bai samu ƙungiyar Shaiɗan ko ɗaya ba. Wurare uku ta samu inda wani mugu ya yi amfani da kayan tsafi don ya tsorata yaran da yake lalatawa, shi ke nan.

Bro. Yakubu Texas: Nan Amurka ya fi muni. Maganar makarantar renon McMartin a Kalifoniya, inda aka zargi malamai da tsafi da lalata yara, an fara ta 1983 ba a gama shari'a ba sai 1990, har ƙasa aka tona ana neman ramuka, ba a samu kowa da laifi ba. A jiharmu wasu mata da miji masu gidan renon yara, Dan Keller da Fran Keller, sun yi shekara 21 a kurkuku a kan irin wannan zargi kafin a sake su. Mu dai cocinmu ranar muke yin namu a filin ajiye motoci, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya cika da alewa, babu kayan mayu.

Dattijo B.: Ku yaran nan kun sha littattafan Turawa. To yaron da aka tsinci gangar jikinsa a kogin Thames a 2001 fa, ba kai ba hannu ba ƙafa? Shi ma firgici ne?

Ishaku T.: Wannan gaskiya ne Baba, ya faru. Amma binciken 'yan sanda wajen Benin a Najeriya ya nuna aka ɗauko yaron. Ba 'yan Wika ba ne, daga gida abin ya fito.

Uwar Biyu: Na daɗe ina karantawa ban so in yi magana ba amma bari in faɗa, ko wata za ta tsira. Ni tsoron maita ne ya rusa min gida, ba mayu ba. Ɗan ƙanwar mijina muka ɗauko, shekara takwas, yaron yana fitsarin kwance yana firgita da dare yana magana cikin barci, uwarsa ta rasu bai daɗe ba amma mu ba mu yi wannan lissafin ba. A watan Oktoba ne ma, ya dawo daga makaranta da hoton kabewa mai haƙora da ya zana, mijina ya ɗauka ya kai wa wani mai addu'a da muke zuwa wurinsa a wani holi da suke haya, ba cocinmu na asali ba. Mutumin ya kalli takardar ya ce an riga an ba yaron abu a makaranta, yana fita da dare, shi ya sa aikin mijina ya tsaya kuma cikina ya zube. Ya ce azumi kwana uku ba ruwa da rana, da addu'ar kuɓutarwa, fam 300 na mai da hidima. Mun biya. Aka sa yaron a tsakiya ana ihu a kansa ana cewa ya faɗi su wa yake tafiya da su, har ya fara kiran sunayen 'yan ajinsu don a ƙyale shi, ina tsaye ina tafi ina cewa amin. Ranar Litinin ya faɗi a filin wasa, malamarsa ta tambaye shi me ya ci, ya faɗa mata komai. Kafin magariba soshiyal da 'yan sanda suna falona. Ba shi kaɗai suka ɗauka ba, har tagwayena. Wata bakwai ina ganin 'ya'yana a wani ɗaki mai kujerun roba da wata mata zaune tana rubuta duk abin da na ce, ko Hausa aka ce kar in yi musu sai da tafinta. Mai addu'ar ya kashe wayarsa, ya ce bai san mu ba. Tagwayen sun dawo, yaron bai dawo ba, yana wurin wasu Turawa kuma ya ce ba ya son ganinmu. Mijina yanzu ba ma tare.

Anti Saratu: Wayyo 'yar'uwa. Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Malama Rifkatu: Sannu Uwar Biyu. Shi ya sa makarantu ba sa wasa da kalmar maita in ta fito daga bakin iyayen Afirka, tun mutuwar Victoria Climbié a 2000 da Kristy Bamu a 2010, yaran da aka kashe a hannun danginsu a Landan bayan an zarge su da aljanu ko maita, ake koya wa malamai su sa ido. Maman Godiya don Allah in za ki je wurin shugabar makaranta kar ki ce malamar mayya ce ko tana iya taɓa 'yarki, rubutawa za a yi a fayil ɗin yarinyar. Kuma ba za su canza aji don addinin malama ba, dokar daidaito ta 2010 da ta kare ki ita ta kare ta.

Dattijo B.: Abin da ya sami Uwar Biyu annabin ƙarya ne, Littafi ya gargaɗe mu a kansu. Amma kar a fake da wannan a ce babu maita. Na yi shekara talatin ina dattijon ikilisiya kafin wasunku su iya ɗaura wando, shawarar mai aikin ofis ba za ta wuce ta Maganar Allah ba.

Ɗan Kurmi: Baba shekara talatin ɗin a Kafanchan kuka yi ta, ba a nan ba. Ziyara kuka zo wurin jikoki. In soshiyal suka buga ƙofa Rifkatu ce za a kira ba ku ba.

Bro. Yakubu Texas: A yi haƙuri da Baba. Amma Baba ku tuna a gida ma an yi wannan rigimar a kan bikin Tuk Ham na Jaba da bikin Afan na Kagoro, wasu fastoci suka ce tsafi ne, yau da addu'a ake buɗe su.

Ɗan Jos: Jama'a ni ina Jos, in akwai 'yar Wikar da za ta iya yi min aiki bizata ta fito a haɗa ni da ita. Sau biyu ana hana ni.

Alhaji Ƙarami: Ai ita ma haya take biya, da tana da wannan ƙarfin da ba ta koyar da 'yan aji ɗaya.

Maman Godiya: Uwar Biyu na yi kuka da labarinki. Rifkatu na gode, ke kaɗai kika taɓa tambayata. Rawar yamma dai ba za ta je ba, amma na safe har yanzu ni da maigida ba mu daidaita ba, shi ya ce ta zauna a gida, ni kuma ina da aikin safe ranar, shi yana dawowa daga na dare, wa zai riƙe ta?

Anti Saratu: Ni abin da ke ci min rai a ƙasar nan shi ne yadda yaro zai buɗe baki sau ɗaya a kwashe maka gida. Ɗana na ja wa kunne kawai saboda ya zagi yayarsa, washegari aka kira ni makaranta kamar ɓarauniya. Mu ba da bulala aka tarbiyyantar da mu ba?

Ishaku T.: Anti ya danganta da inda kike. Sukotlan ta hana duka gaba ɗaya tun 2020, Wales tun 2022. A Ingila har yanzu akwai ɗan sassauci, amma in ya bar shaida a jiki ko kika ɗauki bel ko waya, kin shiga uku.

Ɗan Kurmi: Sassaucin a takarda ne. Maƙwabcina fam 2,000 ya ba lauya a kan mari ɗaya.

Malama Rifkatu: To an cuce shi, in har ƙaramar hukuma ta kai maganar ɗaukar yaro kotu iyaye suna samun lauya kyauta ko nawa ne albashinsu.

Ɗan Kurmi: Kyautar nan ni ban gan ta ba. Uwar Biyu ke nawa kika biya?

Uwar Biyu: Na kotu ban biya ba. Amma na takardun zama da abin ya taɓa, har yau ina biyan bashin.

Anti Saratu: To kun ji. Akwai wanda ya san lauya ɗan Afirka a wajen Birmingham wanda ba zai kalle ka kamar dabba ba in ka ce ka ja kunnen ɗanka? Ranar Alhamis za su sake zuwa gidana.