Jar giyar inabi mara nauyi: me ya sa ake sa ta a firji?

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe da 'yan zaure. Na kama aikin sabis a wani gidan abinci a birnin Lyon na Faransa, kuma ko da yake ni ba na sha, dole ne in san abin da nake ajiye wa baƙi a tebur. An koya mini cewa farar giyar inabi ce ake sanyayawa, ja kuwa a bar ta da ɗumin ɗaki, amma sai ga maigidana yana sa wasu jajayen kwalabe a firji, har yana bayar da su tare da kifi ko gasasshiyar kaza. Ina roƙon wanda ya san harkar ya bayyana mini bambancinsu da sauran.

Maman Rifkatu:
Ɗan'uwa, maigidanka ya san aikinsa. Abin da ke sa jar giya ta yi nauyi a baki abu biyu ne: ƙarfin barasar da ke cikinta, da kuma baurin da ke fitowa daga fatar inabi da ƙwayayensa, irin baurin da goro ke bari a harshe. Inabi mai siririyar fata kamar Gamay da Pinot Noir ba ya bayar da bauri sosai, kuma barasarsa takan tsaya wajen kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, alhali masu nauyi kan kai 14 ko 15. Sanyi yana ƙara fito da bauri, shi ya sa giya mai nauyi ba ta son firji, amma wadda baurinta kaɗan ne, idan aka sauko da ita zuwa digiri 12 zuwa 14, ƙamshin 'ya'yan itace da ɗan tsaminta sai su fito fili. Kada dai ka bar ta ta yi sanyi ƙalau kamar lemo, domin a nan ƙamshin kan ɓace gaba ɗaya. Rabin awa a firji ya wadatar.

Malam Bulus:
Zan ƙara a kan bayanin Maman Rifkatu, domin inda kake zaune nan ne gidan abin. Yankin Beaujolais yana arewa da Lyon, kuma kusan duk jar giyarsa daga Gamay ake yi. A 1395 mai mulkin yankin Burgundy da ke arewa da Beaujolais, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tumɓuke Gamay daga gonakinsa don a bar wa Pinot Noir fili, sai Gamay ya kafu a kudu, a Beaujolais, inda ƙasar duwatsu ta karɓe shi. Manoman can sukan zuba gungun inabi a tanki ba tare da sun murƙushe shi ba, sai ya fara rikiɗa zuwa giya daga cikin kowace ƙwara, abin da ke rage bauri ke nan. A tsofaffin gidajen abinci na Lyon za ka ga ana kawo giyar Beaujolais a wata kwalba mai kaurin gindi da ke ɗaukar santilita 46, ana shan ta da abincin rana ba tare da wani biki ba.

Shawarata ita ce kada ka auna yankin da Beaujolais Nouveau, sabuwar giyar shekara wadda ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba. A ganina tallarta ta fi daɗinta yawa. Idan baƙo ya nemi mai kyau, nuna masa ɗaya daga cikin sunaye goma da suka yi fice: Fleurie da Chiroubles sun fi laushi, Morgon da Moulin-à-Vent kuma sun fi kauri, har sukan jure ajiya na shekaru.

Nas Hannatu:
Tunda ana maganar shan yau da kullum, ya kamata a tuna cewa rashin nauyi a baki bai rage wa hanta aiki ba, kuma giyar da ke wucewa a maƙogwaro cikin sauƙi ita ce mutum kan ƙara kofi bai lura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu adadin barasa da ba shi da illa ga lafiya.

Ɗan Damagaram:
Na gode ƙwarai. Saura batun abinci mai yaji, domin muna samun baƙi 'yan Afirka da ke neman a ƙara musu barkono.

Maman Rifkatu:
A nan ma mara nauyin ce ta fi dacewa, saboda barasa mai ƙarfi tana ƙara wa barkono zafi, bauri kuma ya busar da bakin da yaji ya riga ya ƙona. Ka ba su Gamay mai ɗan sanyi, ko Chinon da Saumur-Champigny na kwarin Loire, ko Bardolino ta bakin tafkin Garda a Italiya. Da kifi mai maiƙo kamar salmon da tuna, Pinot Noir ta fi zama daidai, amma idan farin kifi ne mai laushi da aka dafa da man shanu, ka koma kan farar giya.