Ana neman Hausar "metadata" kafin gobe da safe

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. A agaza min, gobe ƙarfe tara zan tsaya gaban ma'aikatan safiyo in yi musu bayani da Hausa. Darasin kan GeoNetwork ne, buɗaɗɗiyar manhajar nan da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara a birnin Rum a 2001. Aikinta ajiye labarin taswirori da hotunan tauraron ɗan Adam: wa ya yi, yaushe, wane yanki, da wane ma'auni, wa ke da izinin amfani. Yanzu masu ita suna shawarar yadda za su sake mata fasali a siga ta 5. Kalmomi uku sun tsaya min a wuya: metadata, catalogue, architecture. Ta farkon ce ta fi damuna.

Ɗan Kwamfuta: Bayanan bayanai. Ka wuce wurin.

Mai Fassara: Na gwada a kan ƙanena, ya ce in'ina nake yi.

Hajiyar Laburare: Catalogue dai kundi ne, ko fihirisa in kana son ta malamai. Amma metadata mu mun daɗe da ita tun kafin kwamfuta. Katin nan da ke cikin durowa, mai sunan marubuci da shekara da lambar kanta, shi ne. Ko Dublin Core, ma'aunin metadata da aka fara tsarawa a 1995, abubuwa 15 ne kacal, kusan duk suna kan katin. Ni zan ce "katin bayani".

Ɗan Kwamfuta: Hajiya ai babu kati a ciki. Ku bar ta metadata kawai, kowa ya saba da data.

Hajiyar Laburare: Ɗana, data a bakin mutane ita ce wadda ke ƙarewa ana tsakiyar kallo. Ka ce metadata a gaban masinja, zai ɗauka datar Facebook ce, tunda kamfanin yanzu sunansa Meta.

Malamin Zaure: Kun yi nisa, abin yana hannunku. ISNADI. Isnadin bayanai. Hadisi yana da matani yana da isnadi. Matani shi ne maganar, isnadi shi ne wane daga wane daga wane. Taswira matani ce, abin da kuke nema isnadinta ne. Duk wanda ya zauna a zaure ko na wata guda ne zai gane.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, wannan ta burge ni.

Tsohon Safiyo: Ta burge ni ni ma, amma ta ɗauki kashi ɗaya ne ta bar saura. A ma'aunin ISO 19115 na 2003, ƙa'idar duniya ta rubuta metadata na taswira, wanda GeoNetwork ke bi, akwai gurbi guda na asalin bayanan, wato daga ina aka samo, ta hannun wa suka bi, me aka yi musu. Wannan kam isnadi ne tsaf. To sikeli fa? Iyakar yankin fa? Tushen awo fa, wato tsarin da aka dogara da shi wajen ba wuri lambobinsa? Bari in ba ku labari. Shekarun baya aka turo mana lambobin wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗan guntun takarda, babu wani ƙarin bayani. Ashe an ɗebo su ne daga tsohuwar taswira mai bin awon Minna, tsohon tushen awo na Najeriya, mu kuma na'urarmu tana kan WGS 84, wanda GPS ke bi. Muka je muka kafa turke a gonar wani dattijo, tazarar mitoci da dama daga inda ya kamata. Ya fito da fartanya a kafaɗa yana tambayar wa ya sayar mana. Mun san wanda ya turo lambobin, mun san wanda ya ba shi. Isnadi lafiya lau. Layi ɗaya da ke gefen taswirar ne ba a kwafo ba.

Malamin Zaure: To ai wannan illa ce a ruwaya. Har yanzu muna cikin ilimin isnadi.

Sai Hausa: Ni tambayata ɗaya. Isnadi Hausa ce? Fihirisa Hausa ce? Mun gudu daga Turanci mun faɗa Larabci. Kakanninmu suna da abin da ke nuna asalin mutum tun daga nesa: tsaga. Ka ga Bagobiri ka san shi, ka ga Bakabe ka san shi, ba sai ya buɗe baki ba. Tsagar bayanai. Ga kalma ta gida.

Ɗan Kwamfuta: Sai ma'aikata su ɗauka za a tsaga fayil biyu.

Malamin Zaure: Ɗan'uwa, in za ka kori Larabci to ka fara da littafi da alƙalami da lissafi, sannan ka dawo mana da ranar Laraba. Har "bayani" da ka liƙa wa tsagar taka daga can ta zo.

Sai Hausa: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru, sun zama 'yan gari. Taka jiya ta sauka a tasha. Matsalarmu ke nan, kowa so yake a ji ya yi karatu, wannan na boko wancan na zaure.

Ɗan Damagaram: Ku dai ku gama, mu a Nijar sai mu ji a rediyo an riga an yanke. Ma'aikatanmu métadonnées suke cewa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu. Hausar ba ta tsaya a Kano da Kaduna ba fa.

Sai Hausa: Faransanci ma aro ne.

Ɗan Damagaram: Na ce ba aro ba ne? Cewa na yi a riƙa tambaya.

Mai Fassara: Jama'a don Allah, sha ɗaya ta wuce. Architecture ko taɓa ta ba a yi ba.

Ɗan Kwamfuta: Kada ka ce tsarin gini, za su fara neman bulo. Ga abin da ake nufi. Manhajar da harshen kwamfuta na Java aka rubuta ta, kuma ta taso kamar gidan gandu: wurin rubuta bayanan, wurin bincike, wurin janyo bayanai daga wasu kundaye, duk tukunya ɗaya. A siga ta 4, a 2020, aka cire bincike daga injin bincike na Lucene da ke cikinta aka miƙa wa Elasticsearch, injin da ke zaune daban. Fuskar da mai amfani ke gani kuwa a kan AngularJS take, kayan gina shafin intanet da Google ya daina kula da su a ƙarshen 2021, shi ya sa ake gina sabuwar fuska daban. Sannan hanyar da kundi ke magana da kundi, tsohuwar ƙa'ida mai suna CSW, ana son sabuwa mai suna OGC API Records ta gaje ta. Raba gandu ake yi, kowane sashe da tukunyarsa, ƙofar gida ɗaya. Janyo bayanan nan kuma da Turanci girbi suke ce masa, ka bar shi girbi.

Hajiyar Laburare: To ai "zubi da tsari" ke nan, yadda muke cewa a nazarin adabi.

Sai Hausa: Zubi Hausa ce. Na yarda da zubi.

Malamin Zaure: A koma kan isnadi.

Tsohon Safiyo: Malam, a yi sulhu. Gurbin asali a ba shi isnadi, ko salsala don masu gudun zaure. Gaba ɗayan abin kuwa a ce "bayanan shaida", kamar katin shaida: suna, asali, kama, ranar bayarwa. Ma'aikatan ƙasa sun saba da takardar shaidar mallaka, kunnensu ba zai yi baƙunta ba.

Ɗan Damagaram: Wannan za a gane ta har Zinder.

Sai Hausa: Shaida ma Larabci ce, amma dare ya yi.

Mai Fassara: Na rubuta haka: kundin bayanan shaidar taswira, zubin manhaja, girbi, isnadi a gurbin asali kaɗai. Karon farko zan faɗi ta Turancin sau ɗaya don masu bin takarda. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Malamin Zaure: Ka gwada duka biyun a kansu gobe. Ka ga wadda za su fita shan shayi da ita a baki, sai ka dawo ka faɗa mana gaskiya.

Sai Hausa: Uku.